Kitsen da Na'urar Kasuwa Ta Gani a Cikina

Salamu alaikum jama'a. Ni ne Lawali, mai sa hotunan shinkafa. Na daɗe ban ce komai ba a nan. Masu tambaya ko ɗauke ni anka yi, a'a, ciwo ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Bara na baro ƙauyenmu na wajen Janbako na zo Mafara wurin Kawu Sani, ƙanen innata. Ina taya shi noman rani ta wajen Bakura. Cikin ruwa muke wuni, ba takalmi.

Da kasala abin ya fara. Sai ciki ya riƙa tasowa, gefen hagu ya yi tauri. Hannuwana suna ramewa, wando kuma yana matse ni. Abokan aiki sunka sa min suna Alhaji, wai zaman gari ya karɓe ni.

Ran Talata a kasuwa na ga wani mutum da farar riga da lasifika. Gabanshi wata na'ura kamar faranti, da ƙarfe wurin taka ƙafa. Wai tana auna kitsen jiki. Ban taɓa ganin irinta ba. Na hau.

Ya duba ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗan samari, kashi talatin da wani abu cikin ɗari na jikinka kitse ne. Ya kusa rufe zuciyarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗarin mi?"

Ya ce, "Kai dai sayi shayin nan nawa na rage kitse."

Na sayi shayin. Ya ce in bar tuwo da fura da mai. Na bari. Shayin nan zawo kawai yake sa ni. Jiri ya fara kayar da ni a gona, ciki kuma bai ragu ba.

Wata Talatar na koma, na fito sallar azahar ke nan a masallacin da ke gefen mai na'urar, ƙafata da sauran danshi. Na hau, lamba ta faɗo ƙasa sosai. Ya ɗaga lasifika, "Jama'a ku zo ku ga aikin shayi!"

Na yi murna. Amma na taɓa cikin, yana nan yadda yake. To ina kitsen ya bi ya fita?

Na zagaya kasuwa har ƙafa ta bushe ta yi ƙura, na dawo na ce a sake. Bai so ba. Na hau. Lamba ta koma sama. Ya ce ƙila wani abu na ci. Wallahi ko ruwa ban sha ba.

Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Tashi mu tahi in ga wanga abu." Wanda ya san Kawu ya san siriri ne kamar karan dawa, ga faso a dugaduginshi har tsakuwa na maƙalewa. Ya hau. Lambarshi ta fi tawa.

Ya ce, "Ni? Kitse? A ina, a gemu?"

Mutane sunka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Tsoro ya kama ni. In ba kitse ba ne, to mi ke cikin cikina?

Washegari Kawu ya ɗauke ni a babur sai asibiti. Munka yanki kati, munka bi layi. Anka ɗibi jini, anka ba ni 'yar roba in kawo bayan gida, anka shafa min wani abu mai sanyi anka ɗauki hoton ciki. Kuɗin akuyar da Inna ta ba ni a nan sunka tafi.

Gaskiya likitan ma ban yarda da shi ba da farko. Shi ma farar riga ce. Ina ta jiran ya jawo kwalin shayi daga ƙarƙashin tebur.

Sai ya tambaye ni, "Kana shiga ruwan gona?"

Na ce kullum. Ya ce a nan na ɗauko tsargiya, irin mai kama hanji, ba ta fitsarin jini ba. Ta kumbura min saifa, jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ce, "Kai da ya kamata ka ci ka ƙoshi, kai anka hana abinci?"

Na tambaye shi na'urar. Ya ce ba ta ganin kitse. 'Yar wuta take turawa ta tafin ƙafa, sai ta yi kintace. Busasshiyar ƙafa mai kaushi tana tare wutar, sai ta ɗauka kitse ne. Ruwan da ka sha da abincin da ka ci duk suna canza lambar. Saifa kuwa ba ta ma san da ita ba.

Anka kwantar da ni anka ƙara min jini. Na Kawu ne. Ya ce in yi hankali kar kitsenshi ya bi ni.

Anka ba ni manyan ƙwayoyi masu ɗaci, sai an ci abinci ake sha. Ranar ciki ya murɗa, na ce shi ke nan, waɗannan ma sun cuce ni. Ashe aiki suke. A hankali jiri ya bari, ciki ya fara sauka. Har yanzu ina komawa a duba saifar, ba ta gama komawa daidai ba. Amma ina cin tuwo, na koma gona da dogon takalmin roba.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Kawu da Inna da likitan nan da alheri, da ku masu nemana.

'Yan'uwa masu wuni cikin ruwa, in cikinku na tasowa jiki na ramewa, asibiti za ku nufa. Kar wata lamba ta hana ku abinci. In kun hau na'urar nan, ku yi alwala ku sake hawa, ku gani da idonku.

Har yanzu abu ɗaya ban gane ba: shi mai lasifikar ya sani, ko shi ma bai sani ba? Talatar da ta wuce na gan shi ya canza wuri. Nesa da famfon masallaci.