Ranar da Baba Sannu ya naɗe hannun rigarsa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa, a kan wani keke da ya girmi wasu daga cikin likitocinmu. Ya jingine shi a gindin bishiyar da ke bayan asibiti, ya wanke hannu, ya zura dogayen takalman roba. Ba ya faɗawa ɗakin macizai kai tsaye. Daga waje yake kunna fitila, ya leƙa ta gilashin ƙofa, ya duba ƙasa da kowane lungu, sannan ya shiga ya ƙirga makullan akwatuna da baki har arba'in da biyu. In sun cika, sai ya bi layi yana gaisuwa.

"Sannu, kububuwa. Sannu, kasa, an tashi lafiya? Sannu, sarkin fushi," wato gamsheƙa ke nan.

A nan ya samo sunan Baba Sannu, kuma sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Shekara talatin da huɗu yana wannan gaisuwa, a makon jiya ya ajiye aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake kwantar da waɗanda maciji ya sara, bango ɗaya ne tsakanina da shi. Ni ko igiya na gani a ƙasa sai na daka tsalle, shi ya sa duk tsawon shekarun nan ta taga muke hira.

Wanda bai san aikinsa ba, ga shi a taƙaice. Sau biyu a mako yakan ɗauko maciji da ƙugiyar ƙarfe, ya danne kan a hankali, ya riƙe wuyan da yatsu uku, ya sa shi ya ciji bakin wani ɗan kofi da aka rufe da roba. Dafin ya ɗiga, a busar da shi, a aika wa masu haɗa magani. Bayan watanni sai ya dawo mana a matsayin allurar kashe dafi. Manomin da aka kawo ƙafarsa ta kumbura kamar turmi yakan tafi gida da ƙafarsa yana yi wa likita godiya, ni ma a ɗan yafa mini. Ban taɓa jin wanda ya tambayi yatsun wa suka riƙe wuyan macijin ba.

Mai gwajin jini, wanda ya taɓa taya shi aiki, har yau yana ba da labarin ranar da ya zo yana huci saboda sun yi cacar baki da matarsa. Baba Sannu ya dube shi sau ɗaya ya karɓe makullin.

"Yau ba za ka buɗe akwati ba. Je ka sha ruwa, ka kira ta ka ba ta haƙuri, ko kai ne da gaskiya."

Dokarsa ce: mai fushi ba ya buɗe akwati, mai sauri ba ya buɗewa, kuma mutum ɗaya ba ya buɗewa shi kaɗai. Mai sharar asibiti kuma ta ga ranar da kasa ta shiga ɗakin ajiya na wata makaranta, maza suka taru da sanduna suna ta ihu daga nesa. Ya zo ya roƙe su su yi shiru, ya shiga, ya fito da ita a buhu kamar wanda ya yi cefane. Kafin ya tafi sai da ya tara malaman ya gaya musu: in maciji ya sari yaro kada a tsaga wurin, kada a ɗaure, kada a tsotsa, a ɗauko shi asibiti kawai. Nawa ne suka rayu saboda wannan magana tasa, Allah kaɗai ya sani.

Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da na riƙe a cikina shekara goma sha ɗaya, sai yanzu da shi da kansa ya kwance mini baki.

A farkon aikinsa yana da aboki, wani dogon mutum mai yawan dariya da ake kira Dogo. Su biyu ne a ɗakin. Wata safiya kububuwa ta sari Dogo a hannu, aka garzayo da shi, aka buɗe firji, babu allura ko ɗaya, ta ƙare kuma sabuwa ba ta iso ba. Kwana uku Dogo ya yi yana zubar da jini, Baba Sannu na riƙe da kansa har ya cika. A lokacin Baba Sannu yana da yara huɗu, babbar ba ta kai shekara goma ba. Sai ya ji cewa wasu masu kiwon macizai suna yi wa kansu allurar dafi kaɗan-kaɗan, wai jiki ya saba, ko an sare su ba za su mutu ba. Bai shawarci kowa ba, ya fara.

Maganar ta fita, kamar yadda magana kan fita. Sau biyu aka sare shi bayan haka ya tashi, sai gari ya ɗauka: jinin Baba Sannu ya fi ƙarfin dafi. Ba wanda ya tuna cewa duka biyun a gadonmu ya kwana, kuma ni na ɗaura masa ruwan da allurar kashe dafi ke ciki. Shi ma, Allah ya ba shi haƙuri, bai ƙaryata ba. In an faɗa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, don yabo yana da daɗi ko a kunnen mai tawali'u.

Wata Talata da hantsi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai ga shi ya dafo bangon ɗakina. Leɓɓansa sun kumbura, idanunsa sun kusa rufewa, numfashinsa na fita da ƙara kamar tsohon famfo. Na hau neman wurin sara a hannu da ƙafa, babu. Da ƙyar ya ɗaga hannun riga ya nuna mini dantsensa, sai na gane. Allurar da ya saba yi ce, irin wadda ya yi ba adadi, ranar jikinsa ya ce ya gaji. Da a ce ɗakina ya ƙara nisan taku ashirin, da yau ta'aziyya nake rubutawa.

Da ya farfaɗo, likitan da ya duba shi ya gaya masa gaskiya: jikinsa ya juya wa dafi baya, yanzu ko ƙurar busasshen dafi ya shaƙa tana iya shaƙe shi. Likitan na fita, Baba Sannu ya kamo gefen rigata.

"Sista, ki rufa mini asiri. Kada yarana su ji."

Na zage shi tas, na yi kuka, sannan na yi masa alkawari. Daga ranar bai ƙara ba. Ya koma saka takunkumi a wurin aiki, duk wanda ya tambaya sai ya ce mura ce. Murar shekara goma sha ɗaya, jama'a, kuma aka yarda.

To, sai ga Auta. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ta yi karatun dabbobi, ta yi aure, ta dawo ta kama aiki a gefen mahaifinta shekara uku da suka wuce. Hannunta ya fi nasa natsuwa, shi da kansa yake faɗa in ba ta kusa. Ita aka zaɓa ta gaje shi. Saura mako uku ya ajiye aiki ta shigo wurina tana ɗan kame-kame, ta ce in taimaka mata da ƙananan sirinji.

"Na mene ne?"

"Ɗan wani aiki ne, Sista."

Na ajiye abin da ke hannuna na zuba mata ido har ta kasa jurewa.

"Baba zai tafi ya bar ni da macizan nan," in ji ta. "Ina da yarinya 'yar shekara biyu. Shi ya yi wa kansa allurar, ga shi nan da ransa. Na riga na ware 'yar kwalbar dafi, ranar da ya tafi zan fara."

Na hana ta sirinjin, amma sirinji ba abin wahalar samu ba ne. Rannan, karo na farko a rayuwata, na taka ƙafa cikin ɗakin macizai, ban ma tuna ina tsoro ba.

Na ce da Baba Sannu, "Ko ka gaya mata, ko ni in gaya mata. Alkawarina bai kai ran 'yarka ba."

Ya zauna a kan kujera. Ya ce ya riga ya hana ta, sai ta ce da shi, "To Baba, kai me ya same ka?" Ya ƙara da cewa ba ita kaɗai ba ce, sauran ma'aikatan ɗakin su biyu ma sun sha zagayowa suna tambayarsa yadda ake yi. Daga ƙarshe ya ce in ba shi zuwa ranar sallama.

Ranar ta zo. Aka jera kujeru a ƙarƙashin bishiyar da yake jingine keke, bayan la'asar, aka raba lemo. Maiɗakinsa na gaba da jikoki, Auta na gefenta da goyo a cinya. Shugaban asibiti ya miƙe ya yi jawabi mai kyau, ya rufe da cewa, "Ga mutumin da dafi da kansa yake jin tsoronsa!" Aka yi tafi har da guɗa.

Baba Sannu ya miƙe. Mutumin da ba a taɓa ganinsa da gajeren hannu ba, sai ya kwance maɓallin rigarsa ya naɗe hannun har kafaɗa. Dantsen duk tabo ne, wani wurin ya lotsa inda nama ya ruɓe ya warke. Masu tafi suka tsaya cak.

"Ranka ya daɗe, na gode, amma ba haka ba ne," in ji shi. "Dafi bai san ni ba. Wannan da kuke gani ba jarumta ba ce, tsoro ne. Abokina ya mutu a hannuna, na tsorata, na yi wauta. Sau biyu da aka sare ni, allurar asibiti ce ta tashe ni. Ranar da na fi kusa da kabari kuwa ba maciji ne ya kai ni ba, hannuna ne, ga Sista nan ku tambaye ta. Takunkumin nan ma ba na mura ba ne. Kun yabe ni da abin da ba ni da shi, na yi shiru don yana mini daɗi. Ku yafe mini."

Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Auta, kin tambaye ni me ya same ni. Ga abin da ya same ni. Don kada in bar ku marayu na fara, kuma shi ne ya kusa mayar da ku marayu."

Maiɗakinsa, wadda ita ma ranar ta fara jin labarin waccan Talatar, ta rufe fuska da mayafi. Auta ta miƙa wa uwarta yarinyar, ta tashi ta shige ɗakin macizai. Can sai ta fito da 'yar kwalba, ta durƙusa ta saka masa a tafin hannu.

"Ga shi, Baba. A haɗa da wanda za a aika."

Ya juya kwalbar ya duba, ya ce ba ta rubuta kwanan wata a jiki ba, wane irin aiki ne wannan. Aka fashe da dariya, rabinmu da hawaye. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙugiyarsa, wadda mariƙinta ya sha hannu har ya yi sulɓi, ya ba ta.

"Wannan ce ta tsare ni, da ikon Allah, ita da rashin gaggawa. Kuma ki riƙa gaishe su kullum. Ba jin ki suke yi ba, na sani. Amma kafin ki gama gaida arba'in da biyu, duk saurin da kika zo da shi daga gida ya sauka."

Baba Sannu, kai ne wanda ya riƙe wuyan mutuwa da yatsu uku don wasu su koma gona. Kai ne ka shekara talatin da huɗu ba a ɗauki gawar ma'aikaci ko ɗaya daga ɗakinka ba bayan Dogo. Mun gode da wannan. Amma abin da ya fi girma a idona shi ne, a ranar da aka taru don a ɗaga ka, ka sauke kanka da hannunka a gaban matarka da jikokinka, don 'yarka ta rayu. Na yi fushi da kai shekaru, yau na huce. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka ga auren wannan jikar.

Ku kuma manya a kowace sana'a, direba ne kai ko maƙeri ko ungozoma, akwai kuskuren da ka yi ka tsira, na baya suna kallonsa suna zaton gwaninta ce. Kada ka tafi da shi a rufe. Ka naɗe hannun riga ka nuna musu tabon tun kana da rai.

Jiya da safe, bakwai saura kwata, ina shirya magunguna na ga babu keke a gindin bishiya. Can na ji an kunna fitila a bayan bango, aka ƙirga har arba'in da biyu. Sannan muryar mace ta ce, a hankali, "Sannu, kububuwa."