Turmin Inna da Simintin Yaya

Shekarar da na gama sakandare, saba'in da takwas, Yaya ya shafe bayan gidanmu na Gangare da siminti. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙaramar bas yake ja tsakanin Jos da Bukuru, ta fara kawo kuɗi. Wata rana ya kai kaya gidan wani Baturen kuza, ya ga fili sumul da kujeru, ana shan shayi. Shi ke nan, shi ma sai ya yi. Kuɗin da za su isa a sake kwanon ɗakin Inna mai yoyo, su aka zuba a ƙasa.

Filin nan kuwa ba na zaman hira ba ne. Nan turmin Inna yake, nan murhunta. Tun rasuwar Baba da fura take riƙe kanta, matan Fulani masu nono suna biyowa da safe su sara. Ko kuɗin sabulu ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Na ce, "Yaya, a ina za ta yi daka?"

Ya ce, "Ke 'yar boko, ba ki son ci gaba? Ai ke ya kamata ki fi kowa murna."

Na ce, "Ci gaban mai haƙan rijiya ba."

Inna ba ta ce uffan ba. Shi ne ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa musu. Ya san da haka sarai, amma ya ɗauki shirunta a matsayin yarda. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Da daɓen ya bushe, magini ya bar doka: ba a hura wuta a kai, ba a daka, zai tsage. Aka kwashe turmi da murhu aka kai lungun da ke tsakanin katanga da makwararar banɗaki. Wurin da ko taɓarya ba ka ɗagawa sosai sai ta bugi kwano. Fulanin suka leƙo suka ga inda ake furar. Ɗaya bayan ɗaya suka canza gida.

Fili kuma? Kujerun ƙarfe huɗu. Abokansa sun zo, suna ta "Oga, ka ƙure adaka!" Sanyin yamma ya kore su zaure, washegari ruwa da ƙanƙara. Daga nan awaki suka gaje wurin, ni ce mai sharar kashinsu.

Wata safiya na tarar da Inna tana zuba wa awakin furar jiya da ta yi tsami. Ta ce, "Ƙila lokacin hutawa ne ya zo. Zan bari."

Hutawa! Mace mai ƙarfinta ta koma jiran abin da ɗa zai ajiye mata?

Na mirgino turmin nan har tsakiyar simintin, na zuba gero, na ɗauki babbar taɓarya. Hannuna na biro ne, daka ba ta dame ni ba, amma ranar na yi ta da gaske. Ƙarar har maƙwabta. Kafin gero ya yi laushi, tsaga ta tashi daga gindin turmi ta nufi ƙafar kujera.

Yaya ya fito da buta a hannu. "Ke! Kin haukace? Kin san nawa na kashe?"

Na ce, "Na san abin da ka kashe. Sana'arta."

Ya yo kaina. Sai Inna ta yi magana, fuskarta na kallon katanga, da ni take amma duk gidan ya ji.

"Ki gaya wa wancan, turmin nan ya girme shi. Da shi aka biya masa kuɗin koyon tuƙi."

Ya tsaya. Ya dubi tsagar, ya dubi bayan Inna, ya ajiye butar ya fita.

Ranar Juma'a maginin ya dawo da guduma, ya fasa rabin abin da ya shafe, aka sake biyan sa. Ƙasa ta fito, turmi ya koma mazauninsa. Cikin Fulanin wasu sun dawo, wasu sun tafi har abada. Ɗakin Inna kuwa, daminar nan ma da kwanuka muka tare ruwa.