Wutar da muka saka wa kurmin Gwaggo Adiza

A watan da ya wuce Gwaggo Adiza ta cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni a gidanmu na Zangon Kumasi bayan rasuwar uwata. An yi mata sadaka kamar kowace shekara, malamai sun yi addu'a, an raba goro. Goron da aka raba duk ya yamutse, kuma a gidan fataken goro aka raba shi. Na ɗauki ɗaya na jujjuya, kunya ta hana ni kai shi baki.

Wanda bai san sana'armu ba, bari in gaya masa. Goro ba ya son iska, ba ya son zafi. Ko Arewa za a kai shi ko Ikko, sai an shimfiɗa ganyen fita a huhu an lulluɓe shi, ana yayyafa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a sake sabon ganye. In babu wannan ganye babu fatauci, in babu fatauci ba a ɗora tukunya a gidanmu. Shi kuwa ganyen ba ya tsirowa sai a inuwa mai laima, ƙarƙashin manyan itatuwa, kusa da rafi.

Gwaggo ce ke kawo mana shi. Akwai wani ƙauyen Tonawa, 'yan asalin ƙasar nan, tafiyar wuni guda daga Kumasi, inda take da ƙawa, Maame Akosua. Albarkacin wannan ƙawance dattawan ƙauyen suka yarje wa gidanmu shiga kurminsu, mu tsinci goro, mu yanki ganye. Gwaggo ba ta taɓa yanke gindi ƙarƙaf ba, a ganye uku sai ta ɗauki ɗaya. Ranar da mutanen ƙauyen ba sa zuwa rafi, ita ma ba ta zuwa. Matan Zango suna yi mata tsiya, wai Adiza ta zama Batoniya, saura ta daina salla. Sai ta yi dariya ta ci gaba da ɗaure ganyenta.

Akwai abu ɗaya da ba ta wasa da shi. Da rani, kafin kowa ya shiga kurmi, takan cire takalmi ta taka ganyen da ya zuba a ƙasa. In ta ji sanyi a tafin ƙafa, shi ke nan. In kuwa ya yi ƙaras-ƙaras, to ranar ko hura wutar dafuwa ba a yi sai a tsakiyar ƙauye. Da idona na ga ta fizge lofen taba daga bakin mahaifina, yayanta, ta tsoma a ruwa. Ya yi ta faɗa, ita kuwa cewa kawai ta yi, “Yaya, nan ba dajin gida ba ne.”

Shekara uku bayan rasuwarta haukan koko ya kama kowa, wannan itace da Turawa ke sayen 'ya'yansa. Ni da ɗanta Alasan muka roƙi fili a gefen kurmin, aka ba mu. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri kuma ya ƙi dawowa. Rafi ya tsinke ya koma 'yan kududdufai. Manyan itatuwan da ban taɓa ganin sun kaɗe ba suka zubar da ganye, rana ta sauka har ƙasa a wuraren da a da ko da tsakar rana duhu ne. Zafi har numfashi yake tokarewa. A irin wannan lokaci ne mu, masu hankali, muka ga sara zai ba mu wahala, gara wuta.

Maame Akosua ta zo har bakin filin ta hana mu. Ni na ba ta amsa, kuma har gobe ina jin kunyar amsar nan. Na ce mata a ƙasar Kano kowace shekara ana ƙona daji, da ruwan farko ya sauka sai ya yi kore shar. Ni da aka haifa a Zango, ban taɓa taka ƙasar Kano ba! A bakin tsofaffi na ji, a zaure, na ɗauko na zo ina koya wa matar da aka binne cibiyarta a kurmin yadda kurmi yake. Ban cire takalmi na taka ganye ba. Na san abin da zan ji, shi ya sa.

Wutar ba ta tsaya a filinmu ba. Ta bi ƙarƙashin busasshen ganye ta shiga cikin itatuwan goro, ta yi kwanaki tana cin saiwa, itace na tsaye sai ka ji ya kife. Muka zauna jiran ruwan farko. Ruwa ya zo, abin da ya tsiro kuwa tofa ce, ciyawar da ko akuya ba ta so. Kokon ma da muka dasa ya ƙone a tsaye, don shi ma inuwa yake so. Shekara tara ke nan, wurin bai koma kurmi ba.

Abin da ya rage ma ciwo yake yi. Kowane rani zafi na shiga ta ɓarin da muka buɗe, itatuwan gefe suna bushewa daga sama, kwanson goro ya ƙanƙance. Ganyen fita ya ja baya sai can kan rafi, wurin da bai fi ka zagaye shi tsakanin azahar da la'asar ba. Da Gwaggo za ta leƙo yau, ba na jin za ta yi kuka. Tsaki za ta yi, ta tofar da yawu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zancen da ake yi a Zango. Kowa cewa yake fari ne, ƙaddara ce. Fari kam na Allah ne, ban musa ba, amma ashanar a aljihuna take. Alasan har yanzu cewa yake, “Yaya, mu ba mu yi komai ba, sa'a ce ba mu yi ba.” Bana ruwa ya sake makara, na kuma ji wasu 'yan uwanmu a bakin masallaci suna shawarar saka wa wani fili wuta, da hujjar nan tawa, ba su canza ko kalma ɗaya ba. Tir da mu.

Labarin ya riga ni isa ƙauyen. Da na je neman ganye makon jiya, aka ce dattawa sun yanke: ɗan Zango ba zai ƙara taka kan rafi ba. Ga huhuna goma sha wani abu a gida suna jiran ganye, goro na bushewa. Na tafi wurin Maame Akosua na durƙusa. Ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya. Ta bar ni a durƙushe ta shige, sai can ta fito, jikarta na biye da ita da damin ganye ɗanye.

Na fara godiya, ta ɗaga hannu. “Daabi, a'a. Kramo, kar ka gode,” in ji ta, da sunan da suke kiran kowane Musulmi. “Ba naka ba ne. Na Adiza ne, ita ta san kurmi. Na gaya ma dattawa, in ina da rai, gidan Adiza zai samu ganye.”

Gwaggo ba ta bar mana gida ba, ba ta bar mana gona ba. Abin da ta bari shi ne mutuncinta a wurin tsohuwa guda, kuma shi muke ci shekara goma sha biyu, mu da muka ƙona wurin. Na ɗora damin a ka zan tafi, sai Maame Akosua ta ƙara magana ba tare da ta dube ni ba.

“Ranar da na mutu, kar ka zo. Ba wanda ya san ku a nan.”