Katunan Yaya Bulus da garwashin Kaka

Yayana Bulus yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa dariya a kanta: tara tsofaffin katunan waya. Irin na da nake nufi, waɗanda ake zurawa a akwatin wayar bakin titi kafin salula ta shiga hannun kowa. Lokacin yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, in mutum ya cinye katinsa ya yar, shi sai ya duƙa ya ɗauka, ya goge da gefen riga. Ya fi son masu zanen yara: ga masu gara taya, ga masu wanka a rafi, ga masu langa. Ya jera su cikin kundin hotunan aurensa, hotunan kuma ya zuba su a leda. Matarsa, Mama Joy, har yau ba ta yafe masa wannan ba.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ke jan waƙa a coci ya koma sai dai ido. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce in aka daɗe bai fara furta komai ba, da wuya maganar ta dawo. Na bar shagona a Sabon Tasha na zo taya jinya, kuma gaskiya a tsorace nake.

"Anti, an ce mu dinga mashi magana," in ji Mama Joy. "Ni na yi har baki na ya gaji. Fasto ya zo, zumuntan mata sun zo sun yi addu'a, shi dai kallo."

Wata yamma da na rasa abin faɗa, sai na ɗauko kundin na buɗe masa a cinya. Na ci karo da wani kati mai zanen tsohuwa a bakin wuta, yara sun kewaye ta, kowa ya yi tagumi, tsaf da su kamar za su sujada a coci. Wanda ya yi zanen nan bai taɓa kwana a gidan manoman citta ba.

A ƙauyenmu, kusa da Kwoi, kakarmu ba ta ba da tatsuniya kyauta. In an haƙe citta, bayan an ci tuwon acca, sai ta sa a jibge kwando a bakin murhu, ta raba mana wuƙaƙe, mu yi ta tsagawa don a shanya da safe. Yatsu na zogi, hayaƙi na shiga ido, in ka manta ka sosa idon da hannun citta kuwa ka ga ta kanka. Ita tana zaune a kan turmi kife, tana ba da labari da yarenmu tana sirkawa da Hausarta. Da ta ji ƙarar wuƙa ta ragu sai ta yi shiru.

"Hannu ya tsaya, baki na ma ya tsaya," haka take cewa. Ba a roƙonta, aiki ake ci gaba da yi.

Sai na ji ina ba Yaya ɗaya daga cikin tatsuniyoyinta. Wata yarinya ce wutar gidansu ta mutu da damina, ga uwarta kwance da ɗanyen jego. Aka aike ta hayin rafi, gidan wata tsohuwa, ta ɗebo wuta. Da fari ta rugo da gudu, iska ta cinye garwashin kafin ta kai rafi. Ta koma. Wannan karon ta taho tana leƙawa tana hurawa, tana leƙawa tana hurawa, har ya ƙone ƙurmus. Ta sake komawa tana kuka. Nan Kaka kan maƙe murya ta zama tsohuwar: "Ke yarinya, kar ka buɗe, kar ka hura. Yi tafiyan ka kawai."

Na ce, sai tsohuwa ta zuba mata garwashi a ƙwarya, ta rufe da toka.

Yaya ya motsa. Hannunsa na hagu ya daki kundin, bakinsa ya karkace, wuyansa ya yi jijiya. Na zabura zan kira Mama Joy, na ɗauka ciwon ne ya taso.

"Kas... kasko," ya ce.

Da gaskiyarsa. Wa ke ɗiban wuta a ƙwarya? Zaman birni ne ya sa na manta. Mama Joy ta shigo da ludayi a hannu tana cewa, "Yesu! Baban Joy, kai ne?" Ni kuwa dariya ta kama ni, hawaye na bin ta. Na ce to, a kasko, na ƙarasa masa labarin: yarinya ta isa gida da abin da kowa ya ɗauka toka ce zalla, uwarta ta tona, ga garwashi ja wur a ƙasa.

Da muna yara, na ɗauka Kaka tana nufin yaro ya bi maganar manya ne kawai. Sai a ɗakin nan na ga abin da muke yi wa Yaya tun da ya kwanta. "Ce Joy. Ce ruwa. Ka gane ni? Wane ne wannan?" Duk wanda ya shigo sai ya leƙa ya hura, don hankalinsa shi ya kwanta.

Maganarsa ba ta dawo duka ba, kuma mai yiwuwa ba za ta dawo duka ba. Amma washegari na ce wa Mama Joy mu daina yi masa jarrabawa. Yanzu in na zo, zama nake yi kusa da shi in yi ta hirata, kuma in na yi kuskure ba na saurin gyarawa.