Abokin Wasan Farfesa Hisham

Duk wanda ya zauna a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur cikin 'yan shekarun nan ya san Malam Yusha'u, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ake gani kowace Asabar da sassafe a tashar jirgin ƙasa na LRT, rataye da jakar sandunan golf, fuskarsa kamar mai zuwa ta'aziyya. Samarinmu 'yan kwaleji in sun gan shi sai su hau tsokana: "Oga, ka faso gari ke nan! Har da golf?" Shi kuwa sai ya yi murmushin dole ya wuce. Wane irin fasa gari? Mutumin da ko ƙwallon ƙafa bai taɓa damunsa ba, Allah ne ya jarrabce shi.

Mutumin Gumel ne, malamin jami'a a gida, fanninsa ƙasar noma. Ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku, aka ce masa shekara uku. Da suka sauka, matarsa Daso na da tsohon ciki. Yau yarinyar da aka haifa, Afnan, ta shekara shida, in kakarta ta yi mata wasa a waya sai ta amsa da "boleh", wato "to" da yaren ƙasar, ta gudu. Kakar nan, Hajiya Indo, mahaifiyar Yusha'u, ba ta taɓa ɗora jikarta a cinya ba. Tun shekarar da aka ce zai gama ta sa aka yi wa ɗakinsa fenti, kuma duk wayar da za su yi da tambaya ɗaya take rufewa: "To, yaushe?" Shi ma amsarsa ɗaya ce: "Bana, Inna, in sha Allah."

Ba wai bai yi aikin ba. Kundin bincikensa ya kammala tun shekara biyu da suka wuce. Abin da ya rage sa hannu ɗaya ne tak, na malamin da ke duba aikinsa, Farfesa Hisham, a kan takardar da za ta ba shi izinin miƙa kundin. Kada kuma wani ya ɗauka Farfesa mugu ne. Wallahi ba mugu ba ne, Bamalaye ne mai fara'a, da azumi har abincin buɗa-baki yake aiko musu daga Kampung Baru. Ganinsa a ofis ne dai aiki. Yau taro, gobe tafiya, jibi ƙofa a rufe.

Nasir, wani Bakano da ya gama a hannun Farfesan, shi ya nuna masa hanya ana jibi zai tafi gida. Ya ajiye masa tsofaffin sandunansa ya ce, "Malam, in kana son ganin mutumin nan, filin golf za ka, ranar Asabar. Kullum yana neman abokin wasa."

Ranar farko an sha kallo. Yana shiga ya tarar da wasu mutum huɗu, ɗaya ya ɗaga sanda zai buga, sai Yusha'u ya cika baki ya rangaɗa musu sallama. Ƙwallon mutumin a ruwa ta ƙare. Wannan ba komai ba ne a kan abin da ya biyo baya. Farfesa ya buga tasa ta gangara gindin wata bishiya, Yusha'u ya ga dattijo, malaminsa guda, zai je ya kutsa cikin ciyawa. Ai tarbiyyarsa ba ta yarda ba. Ya ruga a guje ya ɗauko ƙwallon, ya goge ta da rigarsa, ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu.

Da wani ne ba Farfesa ba, da Yusha'u ya ci zagi. Farfesa kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke liƙa wa zance.

"A hankali, lah, Yusha'u. A wasan nan ba a taɓa ƙwallon wani, ko ta ubanka ce. Inda ta faɗi, daga nan ake buga ta. Kowa da haka ya fara."

Haka ya yi ta koya masa, Asabar bayan Asabar, bai taɓa ɗaga masa murya ba. In wani zai buga, ka yi shiru, ko tari kada ka yi. Kada ka taka tsakanin ƙwallon mutum da rami. In taka ta faɗa cikin yashi ka shiga ka bugo ta, sai ka ɗauki manjagara ka shafe sawunka. In na bayanka sun fi ka sauri, ka matsa gefe ka ɗaga musu hannu su wuce. Wannan ta ƙarshen kam ba sai an koya masa ba, domin waɗanda suka zo bayansa da shekara uku duk sun gama sun tafi yana kallo.

Akwai kuma doka ɗaya da ta fi duk sauran ciwo. A Asabar ta uku, suna tafiya tsakanin rami da rami, Yusha'u ya yi ƙarfin hali ya ce, "Farfesa, dama maganar takardar nan ce." Sai Farfesa ya ɗaga yatsa ɗaya, yana murmushi. "A kan ciyawar nan babu jami'a. Ba a kawo aiki filin wasa, rashin ladabi ne ga abokin wasanka."

To ka ji fa. A ofis ba a ganinsa, inda ake ganinsa kuma ba a magana. Awa huɗu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, takardar na naɗe cikin leda a aljihunsa saboda gumi, bakinsa a ɗinke. Ana gama rami na sha takwas, wato na ƙarshe, a cire hula a gaisa, kafin ya haɗa kalma biyu Farfesa ya shige mota. Wata goma sha huɗu ana haka. Abin yana cinsa, har ya rame.

Daso ta gaji. "Baban Afnan, kai fa ba yaro ba ne. Ka buɗe baki ka faɗa masa gida muke so."

"Malamina ne, Daso. Ya ce a bari."

"To mu zauna, har Afnan ta yi aure a nan."

Sai ga wa'adi ya zo. In ba a miƙa takardar ranar Litinin ba, sai ya sake rajistar wata shekarar. Asabar ɗin nan Yusha'u ya fita da niyyar ko za a yi me sai ya yi magana. Ya yi wasansa tsaf, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya yi shiru inda ake shiru, ya shafe yashi, ya ɗaga wa wasu 'yan kasuwa hannu suka wuce. Da ƙwallo ta ƙarshe ta faɗa rami, ya cire hula, ya kai hannu aljihu.

Farfesa ya riga shi. Ya riƙe hannunsa gam, idonsa cike da jin daɗi.

"Shekara ashirin ina wasan nan, ban taɓa samun abokin wasa mai ladabinka ba. Ba ka surutu, ba ka gaggawa. Na sa sunanmu, ni da kai, a gasar malamai ta watan Maris."

A watan Satumba ake. Yusha'u ya daure ya zaro takardar daga leda ya miƙa. Farfesa ya dube ta sama-sama, ya mayar masa a naɗe.

"Wannan? Babi na huɗu yana so mu sake zama a kansa. Ba ka ga yadda hannunka ya faɗa ba da ka daina sauri? Shekara ɗaya ba komai ba ce, lah. Ni da kaina zan rubuta a ƙara maka biza."

Yusha'u ya mayar da takardar aljihu. Ya so ya ce uwarsa ta tsufa, ya so ya ce 'yarsa ba ta san hanyar gidansu ba. Amma ga dattijo tsaye yana yi masa alheri da zuciya ɗaya, ga hula a hannu, kuma har yanzu a kan ciyawa suke.

"Na gode, Farfesa," ya ce.

Yana zaune a tasha yana jiran jirgi, jaka tsakanin ƙafafunsa, wayar Hajiya Indo ta shigo, ta idar da sallar asuba ke nan a can. Suka gaisa, ta tambayi Daso, ta tambayi yarinya. Ya shirya "bana" ɗinsa a baki yana jira, amma ba ta yi tambayar ba.

"Dama zan gaya maka ne," ta ce, "ɗakin nan naka na ba ƙanenka Hadi ya zuba gero, kada ya yi ta zama haka nan. Duk ran da kuka tashi zuwa, sai a kwashe."