Harsashi Ɗaya

Mafarauta na kiransa Harsashi Ɗaya, domin shekara arba'in yana shiga daji da harsashi guda tak a aljihu. Yanzu gwiwarsa ta kumbura, likita ya hana shi doguwar tafiya, iyakarsa rakiya zuwa bakin daji.

Ran nan ya raka mijin 'yarsa, wani direba sabon shiga farauta. Direban ya hango barewa, ya yi gaggawa, ya same ta a cinya da harsashinsa na ƙarshe. Ta ɗingisa ta shige sarƙaƙiya.

"Baba, mu koma gida," in ji direban. "Ga rana, ga ƙafarka."

"Ƙafata ce ta harbe ta?" Tsohon ya tsuguna da ƙyar, ya shafa jini a kan ganye. "Dabbar da ka ji wa rauni amanarka ce. In ka bar ta, kwana uku za ta yi tana mutuwa. Ban taɓa barin ko ɗaya ba, ba kuwa a kan surukina zan fara ba."

Ya sari reshe ya yi sanda. Suka bi ɗigon jini, yana nuna masa ciyawar da ta kwanta da sawun ƙafa uku. Sai la'asar suka same ta bakin rafi tana haki.

Tsohon ya miƙa masa harsashinsa. "Matsa kusa, direba. Nan babu ribas."

Direban ya ɗura harsashin, ya matsa kusa, ya saita a natse, sannan ya ja kunamar bindiga. Barewar ba ta sake motsi ba.