Amsar Inna a Bayan Mota

Mun tashi daga Yamai da asuba, ni da ƙanena da ke tuƙi, muka kama hanyar Filinge. Magana guda ta ɗauke ni. Masana'antar sabulun da nake wa aikin injiniya ta rage ma'aikata, injuna sun fi kwana a kashe saboda rashin wuta, ga kuma wata masana'anta a Lome tana kirana. Ba zan tafi ba sai Inna ta yarda.

Bayan mun wuce garin Tabla barci ya riƙa fizgata, itatuwan gawo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A Bonkuku na farka cikin dankalin turawa, tuli-tuli a bakin hanya, kowa ya haƙe nasa lokaci guda, araha har ta ba ni tausayi. Muna cin tsire ina gina masana'antar dankali a cikin raina: nan wurin wanki, can ɗakin sanyi, mata sanye da fararen huluna. Ƙanena ya ce in na gama ginin in shigo mota.

Wahalar ita ce ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama hira da ni. Da muka isa gida na durƙusa na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta dubi gwaggona ta ce, "Ki hwaɗa ma waccan ta tashi ta ci tuwo, shina hucewa."

Kwana biyu ina jiran amsa. Da yamma nakan zauna ina kallon tudun da ke bayan gari yana yin ja, shanu suna dawowa, raina yana rabe biyu. Har muka yi sallama ba ta ce komai ba, kuma na ji ciwon haka ƙwarai.

Sai da muka iso Yamai na buɗe bayan mota. Inna ta saba yi mini guzurin fura da ɗanyen zogale, abin da za a ci a kwana biyu. Wannan karon kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne a ɗan buhunsa an ɗinke bakin da zare, abin da zai kai mutum shekara a ƙasar da ba a san miyarmu ba.

Tafiyar ta koya mini cewa Inna tana magana da ni tun tuni, da hannunta. Na zauna a bakin motar na yi kukana, sannan na kira Lome.